Shayin da Ba a Tafasawa

A bakin ƙofar kantin da Auta take aikin karɓar kuɗi aka ajiye wa wani saurayi ɗan teburinsa: filas na ruwan zafi, ƙananan kofuna, da kwalayen koren shayi mai ƙamshi, irin na ƙunshi mai zare. Aikinsa ke nan, ya ba mutane su ɗanɗana ko Allah zai sa su saya. Tun safe take satar kallonsa yana shan wulaƙancin masu wucewa da murmushi.

Da aka tashi hutun rana ya miƙo mata kofi.

"Ni fa 'yar mai shayi ce," ta ce. "Babanmu ya ce shayin da ba ya riƙe baki ruwan wanke kofi ne."

"To taimaka ki ɗanɗana mana ruwan wanke kofin."

Ta kurɓa. Ba shi da nauyi, ɗan bauri-bauri a gefen harshe, sai ƙamshin na'ana'a ya biyo baya ya wanke mata maƙogwaro. Ta ce ba laifi, amma ta shanye tas.

Daga ranar ta sa masa suna Mai Zare, shi kuma yake kiranta Na'ana'a. Kafin wani ya farga, soyayya ta kama su kamu mai kyau.

Matsalar ɗaya ce. Baba yana da nasa zaɓin: ɗan amininsa, dillalin da yake kawo masa sikari da madara a shago. Bai yi alkawari ba tukuna, amma kowa ya san inda zuciyarsa ta karkata. Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda Mai Zare ya zo gaisuwa. Ya zo, ya durƙusa, ya ajiye katan guda na shayinsa mafi tsada, ya tafi yana murna.

Shi kuwa Baba tun kafin a haifi Auta yake dafa shayi, kuma bai taɓa karanta bayan kwali ba. Washegari ya damƙo ƙunsuna ya watsa a buta, ya buɗe musu wuta, ya bar su suna tafarfasa yadda ya saba yi wa baƙin ganye. Ya zuba wa abokansa da ke zaune a bencin shago yana cewa tsarabar mai neman 'yarsa ce.

Abin ya fito da ɗaci kamar maɗaci. Wani ya tofar, wani ya nemi ruwa. Dillalin sikari yana wurin, ya sunsuna kofin ya girgiza kai.

"Baba, ai lalatacce ne. Irin wanda kamfani ke zubarwa ya kwaso maka."

Ranar Baba ya shigo gida fuska a murtuke, ya ce kada ya sake jin sunan yaron.

Da Auta ta ji abin da ya faru, ta shige ɗaki ta rubuta wa Mai Zare a waya: "Da gaske wanda ya lalace ka kai wa Baba? A gaban abokansa ka kunyata shi."

Amsa ta zo nan take: "Na'ana'ata, kowa zai iya zargina da wannan, amma ban da ke. Don Allah duba butar ki gaya min abin da kika gani."

Ta je ta buɗe butar da aka dawo da ita wanki. Ƙunsunan sun dafe sun fashe, ganyen ya yi baƙi ƙirin. Kunya ta rufe ta. Ta rubuta: "Tafasa shi ya yi. Ka yafe min, Mai Zarena."

Ta kai wa Mama maganar tana hawaye.

"To wa zai kalli babanku ya ce masa bai iya shayi ba?" in ji Mama. "Ke ko ni?"

Duk da haka Mama ba ta bar maganar ta kwanta ba. Yau ta taɓo, gobe ta taɓo, har Baba ya gaji ya ce a kira yaron, sau ɗaya tak.

Ya zo da yamma. Baba bai amsa gaisuwarsa da kyau ba. A gabansa ya ɗora buta, ya watsa ƙunsunan, ya bar su suka tafasa har ɗakin ya ɗauki warin ganye. Ya cika kofi ya tura masa.

"Sha kayanka."

Auta tana bayan labule tana saurare. In ya ce akwai daɗi, ya zama maƙaryaci. In ya ce hannun Baba ne, ya yi rashin kunya. Ko wanne ya faɗa, ta rasa shi.

Mai Zare ya ɗauki kofin da hannu biyu ya shanye, har idanunsa suka kawo ruwa.

"Yaya ka ji?"

"Akwai ɗaci, Baba. Sosai ma."

"Kuma shi ka ga ya dace da ni."

"Laifina ne. Na kawo kaya ban tsaya na faɗi halinsa ba. Ragon ganye ne, Baba, ba ya jure wuta kamar naka. In ka yarje min, zan haɗa kofi ɗaya."

Baba ya kalle shi, ya kalli butar. Can ya tura masa butar da ƙafa.

Mai Zare ya ɗauraye ta, ya tafasa ruwa zalla, ya sauke. Sannan ya naɗe hannu ya zauna.

"Me kake jira kuma?"

"Ruwan ya huce kaɗan."

Da tururin ya lafa ya zuba a kofi, ya saka ƙunshi ɗaya, ya bar shi ɗan jim, ya ɗago shi ta zaren. Ruwan ya fito garau, kore-kore, ƙamshin na'ana'a ya kai har bayan labule.

Baba ya kurɓa, ya juya shi a baki irin na masu sana'a, ya haɗiye.

"Ruwan zafi ne aka shafa wa turare," ya ce. "Ba zan sayar da wannan a shagona ba, kwastomomina su jefe ni."

Auta ta ƙanƙame labulen.

"Amma ba lalatacce ba ne." Baba ya sake kurɓa. "Wancan dillalin ya ce min lalatacce ne don ya ga haka nake son ji. Kai kuma ka sha ɗacin, ka ce da ɗaci. Auta, bar labulen nan haka, ƙafafunki a waje suke tun ɗazu."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Abokan bencin nan duk sun halarta, kowa ya ga ango sai ya tambaye shi ko yau ma da maɗacin.

Da za a tafi da amarya Baba ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Auta tana kuka ta riƙe hannun rigarsa. Ya janyo angon gefe, ya zaro ƙunshi ɗaya daga aljihunsa ya danƙa masa.

"Kai ka ce wannan ba ya jure wuta. To ita ma haka take. In ranka ya ɓaci, ka sauke butar tukuna."