Fiton da na yi a dajin Finlan

Ku matso. Ke Larai, rufe bakin nan, ban ma fara ba. Kullum kuna damuna da tambayar me ya dawo da ni daga karatu ba takarda. To ku ji.

Karatun tsuntsaye na je yi. Malamina ya ce sai na naɗo kukan wata mujiya mai toka-toka, in ba haka ba shekara biyu ta tashi a banza. Sati uku ni da wani abokin aiki muna yawo da rikoda a cikin daji. Itatuwa dogaye, ganyensu kamar allura. Sauro kuwa, wallahi na Hadeja yara ne. Mujiya? Ko gashinta.

Kwana ɗaya ya rage wa'adin da aka ba ni ya cika. Abokin aikina ya gaji ya koma gari. Na shiga ni kaɗai, raina a ɓace.

Masu wannan aiki da fito suke kiran tsuntsu. Ni kuwa Kaka ta hana mu fito da dare. Amma can da bazara rana ba ta faɗuwa. Agogo ya ce ƙarfe ɗaya, gari fayau. Na ce ai wannan ba dare ba ne.

Na yi fito sau uku.

Sauro ya ɗauke ɗif.

"Ga ni."

Da Hausa fa! Wani tsoho ne tsaye a bayana, cikin farin bargo. Bakinsa bai motsa ba.

"Baba, ina wuni?"

"Dare ne," ya ce. "Me kake so?"

"Kukan mujiya."

"Kawo kunne."

Na sunkuya, don ladabi. A nan na ga ƙafafunsa. Farata ne, huɗu-huɗu, sun kafe a ƙasa.

Ya hura min iska mai sanyi a kunne. Na zuba da gudu, ko takalmi ban tsaya ɗauka ba.

Da safe malamina ya kunna rikoda. Ya yi tsalle, wai ga kukan nan raɗau. Ni ban ji komai ba. Maganarsa ina ji, ƙarar mota ina ji. Kukan tsuntsu ne babu. Yaya za ka yi aikin tsuntsu a haka? Na tattara na dawo.

Shekara huɗu ke nan. Zakaran Inna ma, wuya kawai nake gani yana miƙewa. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Kada wanda ya shiga daji shi kaɗai. Kai Sagiru, na ga ka tsuke baki za ka yi fito. Kul!