Dutsen da Ya Tare Ruwa

A can da, a wani tsibiri mai nisa, an yi wata budurwa da ba ta manta ranar da ta fara ganin saurayinta ba. Yana gyaran katangar gonar shinkafa, taɓo har gwiwa, yana waƙa.

Mutanen wurin sun sassaƙa gonakinsu a jikin tsauni kamar matakala. Ruwa ya shayar da ta sama, ya gangara ta ƙasa. Haka kakanni suka bari.

Da aka yi fari, sai budurwar ta tarar saurayin ya toshe magudanar ruwan da dutse. Gonarsa kore shar, ta wata tsohuwa da ke ƙasa kuwa ta tsattsage.

Ta ce, "Cire dutsen nan."

Ya ce, "Shinkafar bikinmu nake tarawa."

Ta ce, "Cire dutsen nan!"

Ya ce, "Haba, tsohuwa nawa za ta ci?"

Ranta ya ɓaci. Ta shiga taɓo, ta ciccibi dutsen ta yar.

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, kada ki rasa miji saboda ni."

Budurwa ta ɗaga murya har tsauni ya amsa: "Iya, na yi alkawari, ba zan ci shinkafar da aka shayar da ruwanki ba, ko a ranar bikina."