Rufin Gidan Kawu Alcide

Ranar da Desmond ya fara ganin Noelie, tana saman tsani tana ɗaure shuɗin tamfol a rufin gidansu, shi kuma yana ƙasa, ƙafarsa ɗaya ta nutse cikin taɓo har idon sawu. Daga birnin Houma ya taho da baƙin takalminsa na ofis mai sheƙi, a ƙauyen da ko limamin cocinmu farin takalmin roba yake sawa.

Ta leƙo ta ce, "Kai ne lauyan? To Lauya, wannan takalmin sai dai ka yi masa ban kwana."

Ya ɗaga kai zai ba ta amsa. Da suka haɗa ido, sai ya ɓige da murmushi.

Ita ce ta kira ofishinsu, ba da son mahaifinta ba. Kawu Alcide mai kamun jatan lande ne, a gidan nan aka haife shi, a nan matarsa ta rasu ta bar masa Noelie ita kaɗai. Da babbar guguwar ta zo, tsohuwar bishiyar bayan gida ta faɗa kan rufin, ta karya babban katakon da ke riƙe da shi, wani reshe kuma ya karya wa tsohon cinya. Aka wuce da shi asibiti, 'yarsa na biye.

Mu kuwa a bakin rafin nan ba ma jiran kowa. Tun ruwa bai gama janyewa ba maƙwabta suka yi gayya, Clovis mai gyaran jiragen ruwa a gaba. Suka sassare bishiyar, suka kwashe karyayyen kwano da katako, suka share tsakar gida tas, suka shimfiɗa tamfol. Kuma da yake ba a zubar da komai a wajenmu, kowa ya ɗauki abin da zai yi masa amfani. Fallen kwano biyu ma a akurkin kajina suka ƙare.

Da mai duba ɓarna na kamfanin inshora ya iso, bai ga bishiya ba, bai ga karyayyen rufi ba. Shaidar ruwa kawai ya gani a jikin bango. Ya ce ambaliya ce, rufin kuma tsufa ya cinye shi. Inshorar Kawu ta iska ce, ba ta ruwa ba.

Desmond ya tsaya gefen gadon tsohon, ya yi masa bayani a hankali: idan aka samo tarkacen rufin, maƙwabta kuma suka faɗi abin da suka gani, akwai hanya.

Kawu ya dube shi daga sama har takalmi.

"Wato in je in ce wa mutanen da suka bar nasu gidajen a buɗe suka zo suka rufe nawa, taimakonku ne ya cuce ni, ku dawo da kayan?"

Desmond ya ce, "Baba, ba haka za a faɗa ba."

"Ko yaya aka faɗa, haka za su ji. Gara in rasa gidan."

Ya hana a gaya wa kowa. Ya ce wa 'yarsa lauyoyi da ungulu hanyarsu ɗaya, bayan guguwa ake ganinsu, kuma kada ya ƙara ganin tana raka wannan har mota.

To, zuciya ba ta jin irin wannan hani. Desmond ya ci gaba da zuwa, yau a ce auna bango, gobe a ce ɗaukar hoto. Noelie tana zuba masa miyar kuɓewa da jatan lande a kan shinkafa, ya ci a tsaye a baranda, don tsohon bai taɓa ce masa ya zauna ba. In ya koma gari sai saƙonsa ya biyo ta waya.

"Mai Tamfol, na ga hadari ta wajenku. Kin sa bokiti a ɗakin Baba? Don Allah kada ki hau tsani ke kaɗai."

"Na sa, Lauyan Taɓo. Tsoro nake ji. Duk sanda iska ta kaɗa tamfol ɗin nan sai hankalina ya tashi."

"Ni ma hankalina yana wajenki. Akwai maganar da ke bakina, amma sai na ga rufi a kanki zan faɗe ta."

Ta karanta wannan har ta haddace.

Amma gidan yana ta lalacewa. Silin ya kumbura, bango ya yi baƙi da fumfuna, tsohon ya fara tari. Kamfani ya sake cewa a'a. Ƙanwar Kawu da ke Houston kullum sai ta kira, su sayar da filin su taho. Ga lokacin guguwa yana sake ƙaratowa, kowa ya san tamfol ba zai tsaya wa ko ƙaramar cikinsu ba. Noelie ta rame, ko abinci sai ta tilasta wa kanta.

Ganin haka Desmond ya yi abin da bai kamata ba. Ya bi ta wajen Clovis, wai hira, yana tambayar wa ya sare bishiyar, ina aka kai katakon. Clovis kuwa tun suna makaranta yake son Noelie, bai taɓa samun bakin faɗa ba sai dai ya gyara musu injin jirgi kyauta. Bai ɓata lokaci ba ya je ya shaida wa Kawu cewa yaron nan na gari yana tattara sunayen 'yan gayya, da alama kotu zai maka su.

Tsohon ya kori Desmond daga aikin a ranar. Noelie ta rubuta masa:

"Mutanen da suka ɗauki gawar mamata a kafaɗarsu kake so ka kai kotu? Kada ka ƙara zuwa."

Amsa ta zo nan take.

"Noelie, ban taɓa nufin ƙarar kowa ba. Katakon nake nema, ba mai laifi ba. Na yi kuskure da na bi ta bayan Baba, ki ba shi haƙuri. Ko wani lauyan kuka ɗauka, ki ce ya nemi katakon nan. In kin rasa ni ba komai, kada ki rasa gidanki."

Ta ajiye wayar. Amma ta lura bai kira ta Mai Tamfol ba, abin ya tsaya mata a rai.

Cikin satin Kawu ya ce ya amince, wani mai gina masaukin 'yan kamun kifin shaƙatawa zai zo ranar Litinin ya sayi filin. Yana faɗa yana kallon bango.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ana zaune ana cin abinci a ƙarƙashin rumfa kamar kullum, Noelie ta miƙe. Mahaifinta ya daka mata harara daga kan keken guragu, ta kau da kai.

"Iyayena, Baba ya hana ni faɗa, zan faɗa, ya yafe mini. Gobe za mu sayar da gida. Kamfani ya ce bishiya ba ta taɓa faɗa wa rufinmu ba, saboda kun share wurin da kyau. Ba laifinku ba ne. Amma in da wanda yake da ko falle ɗaya na kwanonmu, aro nake roƙo."

Kowa ya waiga wajen tsohon. Kawu ya sunkuyar da kai, ni kam na ce shi ke nan, zumuncin shekaru ya tsage.

Sai Gwaggo Eulalie, wadda ta girmi kowa a ƙauyen, ta ajiye cokali.

"Alcide, ashe kai sakarai ne har yanzu? Kana ganin gayya ta ƙare ne don an sauko daga tsani?"

Kafin la'asar motocin a-kori-kura sun fara shigowa filin coci. Wannan ya ɓamɓaro kwanon daga rumfar jirgi, wancan daga ɗakin kare, kajina ma suka koma kallon sama. Noelie ta kira Desmond, kalma biyu kawai ta ce, "Ka zo." Ya iso ya tuɓe kwat, ya durƙusa a ciyawa yana jera fallayen kamar mai haɗa ƙyallayen zane, har lotsawar bishiyar ta fito a tsakiyarsu, doguwa, daga wannan gefe zuwa wancan.

Saura katakon. Desmond ya gaya mata a hankali cewa in kwano ne kaɗai, kamfani zai iya cewa a ko'ina ya lotse. Ta waiga, babu Clovis, shi kuwa katakon yana wajensa. Rana tana ta yin ƙasa, ita kuma idonta na kan hanya.

Sai ga motarsa, katakon ɗaure a baya, ɓawon bishiyar har yanzu a cushe cikin karayar. Ya riga ya yi niyyar yanka shi ya gyara jirgi. Ya sauke shi a gaban Desmond, bai dube shi ba.

"Ba don kai na kawo ba, ɗan birni."

"Na sani. Na gode duk da haka."

Mai sayen fili ya zo Litinin ya koma. Bayan 'yan makonni injiniyan kamfani ya zo, ya daɗe tsugune a gaban katakon, ya saurari maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ba a kai ga alƙali ba, kamfani ya amince zai biya rufin da gyaran gidan.

Ranar da aka buga ƙusa ta ƙarshe, Kawu ya aika a kira Desmond. A karo na farko ya nuna masa kujera, sannan ya sa sandarsa ya turo masa wani kwali. Farin takalmin roba ne, sabo fil.

"In za ka riƙa zuwa gidan nan, ka daina ba ni kunya a gaban maƙwabta."

Desmond ya rungume kwalin, ya juya wajen Noelie da ke bakin ƙofa.

"Mai Tamfol, ga rufi a kanki. In faɗi maganar?"

"Ka faɗa, Lauyan Taɓo. Na gaji da jira."

An ɗaura auren a cocinmu bayan lokacin guguwa ya wuce lafiya. Ango ya sa kwat da farin takalminsa, Clovis ne ya tuƙa jirgin da ya kawo amarya. Ana tsakiyar rawa a gidan Kawu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Noelie ta ɗaga kai da sauri, don sabo, tana neman inda zai ɗiga. Ko ɗigo babu.

Mahaifinta ya kama hannuwansu biyu ya haɗa, ya ce Allah ya rufa musu asiri kamar yadda mutanen rafin nan suka rufa masa. Muka ce amin, ruwa yana ta kiɗa a kan sabon kwano.