Muryar Ikrama a Katin Memwa

"Zalia, ba zan ba da ke ga mutumin da ba zai iya amsa sallamata ba."

Inna ta faɗi haka tana tsince shinkafa, ko kallona ba ta yi ba.

"Inna, aikin maƙogwaro aka yi masa. Ba shi ya zaɓa ba..."

"Shi da kansa ya aiko a ce ya janye. Me kuma kike jira?"

Gaskiya ce. Ikrama, mai haɗa sauti a wani gidan rediyo a Dapaong, ya daina amsa saƙonnina tun da likitoci suka ce muryarsa ba za ta dawo ba.

Abin da ya rage mini katin memwa ne da ya ba ni a tasha bara. Ƙaramar wayata ta ƙi buɗe abin da ke ciki. Na tuna har faɗa na yi masa, na ce ya rage nauyinsa ya turo mini kamar kowa.

Ya yi dariya ya ce, "Zaliyata, wannan ba a matse shi."

Da hantsi na tafi shagon kwamfutar Yaya Umaima, 'yar wan babana, kusa da babbar kasuwar Sokodé.

Ta duba ta ce, "WAV ne. Wannan akwalar wayar taki ina za ta iya? Sauti ne ɗanye, yadda makirfo ya kama shi, shi ya sa yake da nauyi. In mai da miki shi MP3?"

"Me zai ragu?"

"Ƙananan abubuwan da na'ura ke ganin kunne ba zai lura da su ba."

"A'a, Yaya. Ki bar shi haka."

Ta danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan fayil ɗin, ta zaɓi VLC, manhajar kunna sauti, ta ɗora mini abin ji a kunne.

Ba waƙa ba ce, ba alkawari ba. Gwajin makirfo yake yi.

"Ɗaya, biyu... ɗaya, biyu..."

Muryar har ta fara dusashewa, ni kuwa ban lura ba a lokacin. Kujera ta yi ƙara. Ya yi tari. Sai ya ja numfashi a hankali, irin wanda yake ja duk sa'ad da zai kira ni.

"Zalia."

Ya sake faɗa. Ya yi ta faɗa, kamar mai tara ruwa kafin rani.

Yaya Umaima ta miƙo mini gefen mayafinta in share hawaye. Ta ara mini wayarta mai iya buɗe shi, ta ce, "Ni zan zauna da Inna. Je ki."

A Dapaong na same shi a zauren gidansu, ya rame, ƙyalle a wuyansa. Da ya gan ni sai ya girgiza kai, ya nuna mini ƙofa.

Ban fita ba. Na miƙa masa abin ji ɗaya, na sa ɗaya.

Da sunana ya fito, sai ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Kuka yake, babu sauti.

"Masoyina, muryar tana wurina, ko numfashi ɗaya bai ɓata ba," na ce. "Mai ita na zo nema."

Ya ɗago kai.

Sai na ji ya ja numfashin nan. Leɓɓansa suka motsa, ba abin da ya fito.

Na ce, "Na'am."