Fatalwar da Leonard Ya Bari a Gareji

Da yammacin wata Asabar a ƙarshen Oktoba, lokacin da hasken rana ya fara janyewa daga kan rufin gidaje, Misis Rosalind Budnik tana ɗakin girki tana juye alewar yara cikin babban kwano, sai ta jiyo dariya daga bakin titi. Ta san mai dariyar. Maƙwabciyarta ce Trudy, wadda ba ta taɓa ganin abu ta yi shiru ba.

Misis Budnik ta shugabanci makarantar firamaren garin har ta yi ritaya, kuma tsawon zamanta a layin nan ba a taɓa yi wa ƙofarta dariya ba. Abu guda ta haƙura da shi a zaman aurenta, wato fatalwar wasa da mijinta Leonard ya haɗa. Duk shekara idan bikin Halowin ya gabato, daren da yara ke shigar dodanni suna bi gida-gida neman alewa, yakan rataye ta a bakin gareji: farin yadi shara-shara, kai da hannaye ɗaure da zaren kamun kifi, can sama kuma wani ƙarfe yana juyawa da injin share gilashin wata tsohuwar mota. Kai ya sunkuya, hannu ya ɗaga, ɗayan ya sauka, duk a hankali, har tsikar jikin mai wucewa ta tashi. Leonard yakan ce fatalwa mai sauri wanki ne kawai a kan igiya.

Leonard ya rasu a watan Afrilu. 'Yarsu Joanne ce ta ɗauki hutu a wurin aiki ta zo don ta rataye abin, ko don yaran layi. Uwar ba ta so ba, amma ba ta hana ba.

Da ta fito, sai ta tarar da fatalwar tana fizge-fizge kamar kazar da aka yanka.

"Rosalind, kofi kuka ɗura mata ne?" in ji Trudy. "Ko rawa ta koyo a lahira?"

Misis Budnik ta yi mata irin murmushin da takan yi wa iyayen yara marasa kunya, sannan ta sa aka sauke ƙofar garejin.

"Mama, wannan ɗan akwatin ne ke rage gudun," in ji Joanne. "Yanka wutar yake yi gutsi-gutsi, injin ya lafa amma ƙarfinsa bai mutu ba. Baba ya yi alamar fensir inda yake tsayar da abin murɗawar. Ina alamar take?"

Uwar ta kau da kai. Bayan jana'iza ita ce ta bi garejin da tsumma lungu-lungu, don kada masu zuwa ta'aziyya su ga ƙura a gidanta. Joanne ta murɗa ƙasa, injin ya yi nishi ya tsaya cak. Ta murɗa sama, ya haukace. Ta bar shi a kunne, ta ce za ta duba bayan cin abinci.

Suna kan tebur jifa ya fara. Ƙananan abubuwa ne ke faɗowa kan rufi ɗaya bayan ɗaya, suna gangarowa. Misis Budnik ta leƙa, ta ga kusoshi da notuna irin na cikin gwangwanayen Leonard warwatse a kan ciyawa, ba kowa a wajen. Ta ja labule. Daga cikin bango kuma wata murya ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ku rage."

Cokali ya faɗi daga hannun Joanne. Hannunta na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, kanta ya shiga sunkuyawa, numfashinta yana fita da haki daidai da ƙarar injin da ke bayan bango. Uwar mace ce mai hankali. Ta je gareji ta zare wayar daga soket. Da ta dawo, sai ta iske 'yarta a sandare, ido buɗe, ƙirji ba ya motsi, leɓɓa sun fara duhu. Da gudu ta koma ta mayar da wayar, haki ya dawo.

Haka suka yi kwanaki. Ta yi tunanin kiran motar asibiti, amma ina za a kai yarinyar da numfashinta ke ɗaure da soket ɗin gareji? Masu tambaya ta ce musu mura ce. Takan ɗura mata romo tsakanin sunkuyawa da sunkuyawa, ta shafa mata mai a kafaɗun da suka kumbura, da safe ta tsince kusoshi kafin maƙwabta su tashi. Abin murɗawar kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba, don tsoron kada injin ya tsaya. Gajiya ta sauka a ƙasusuwanta, ta daina ma gyara gashinta.

Ranar bikin, da rana ta yi sanyi, ta kira Fada Ambrose, tsohon limamin cocinsu wanda ya yi zurfin karatu a kan irin waɗannan al'amura. Ta roƙe shi ya ajiye motarsa a layin baya. A ƙofar gidan ya ajiye ta, ya ce gwiwoyinsa ba su san sirri ba.

Ya zauna gaban Joanne ya daɗe yana addu'a, ya yayyafa mata ruwa, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, dusasshiya, mai jin barci. "Maƙwabci. A bishiyar da aka sare don a gina garejin nan nake zaune. Mai gidan nan ya rataya min shimfiɗa, ko bai sani ba. Wata guda yana jijjiga ni a hankali, sai in yi barcin shekara. Bana an jefa ni injin niƙa. Na yi magana, ba a ji ba. Na yi jifa, aka ja labule."

"Me yarinyar ta yi maka?"

"Ita ta kunna. Abin da nake ji take ji."

"Sake ta."

"A mayar da gudun yadda yake. A ɗaga ƙofar, ba na barci a rufe. Kuma duk shekara."

"Daren yau kaɗai," in ji Fada. "Ka huta, gari na wayewa ka koma dajin bakin tafki, inda ba mai sare bishiya."

"Ni ma na gaji da mutane," in ji muryar. "Na yarda."

"Alamar ta goge," in ji Misis Budnik. Karo na farko ke nan da ta faɗa da bakinta.

"Uwargida," in ji muryar, "ba da fensir mijinki ya fara ba. Yakan tsaya gaban fatalwar ido rufe, ya yi ta murɗawa har sai ta yi daidai da numfashinsa in ya natsu. Ni ban riƙe ba, barci nake yi. Sai wadda ta kwana kusa da shi."

Almuru ya yi, layin ya cika da yara cikin shigar dodanni, iyaye na biye da su da fitilu. Misis Budnik ta dubi rigar barcin da ke jikinta da silifas ɗin ƙafarta, ta dubi 'yarta. Sannan ta je ta ɗaga ƙofar garejin har sama.

Dariya ta tashi, ta Trudy a kan gaba. Ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa a kan siminti, ta kama abin murɗawar, ta rufe ido. Ta nemo Leonard a gefenta na dama, inda yake kwanciya: doguwar shaƙa, ɗan tsayawar nan da takan tsorata ta tun suna sabon aure, sannan sakin numfashi a hankali. Ta murɗa ƙasa. Ta ƙara. Injin ya fara nishi, ƙarfen ya yi kamar zai tsaya.

"Rosalind," Fada ya kira daga ciki, "numfashin Joanne yana ɗaukewa."

Ta mayar da shi sama kamar kaurin gashi. Ƙarfen ya wuce, ya zagayo, ya sake zagayowa. Kai ya sunkuya, hannu ya ɗaga, ɗayan ya sauka. Yadin ya ɗan lotsa a tsakiya, kamar wani ya kwanta a ciki. Dariyar titi ta mutu, wani yaro ya ɓoye bayan uwarsa. Daga ɗakin girki kuma ta ji muryar Joanne, tata ta ainihi, tana neman ruwa.

Da gari ya waye yadin ya koma sakayau, ba kusa ko ɗaya a kan ciyawa. Joanne ta fito lulluɓe da bargo, ta iske uwarta zaune a kan kujerar aikin Leonard, fatalwar tana hawa da sauka cikin hasken safiya.

"Ga fensir, Mama. A yi alamar kafin a manta."

"Ba na mantawa."

"To in kashe? Ai ya tafi."

Misis Budnik ba ta ɗauke ido daga kan yadin ba.

"Bar shi tukuna," ta ce.