Bishiyar da Ta Tare Sama

Dab da magariba Esenbek ya ɗauki tsintsiya ya zagaya bayan gida don ya share ƙanƙarar da ta taru a kan farantin intanet. Aikin banza ne, shi ma ya sani, tunda farantin da kansa yake ɗaukar ɗumi ya narkar da ita. Amma tun azahar layin ke yankewa, ga 'yarsa Saltanat can birnin Bishkek da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe.

Saboda baƙi ya sayi abin. Masu hawan dutse da ke kwana a tantunansa ba sa zama inda ba intanet, ko da nonon goɗiya za ka yi musu wanka. Ran da mai kafawa ya zo, ya ɗaga wayarsa ya auna sama, sai wani jan tabo ya fito a gefe guda na fuskar wayar.

"Bishiyar nan ce ta tare," in ji shi. "Ko ka ƙaro igiya mu kai shi kan tudu, ko ita ta tafi."

Bishiyar arca ce, irin mai ƙanshin nan ta kan duwatsu, tsohuwa, rassanta cike da tsummoki. Matar da haihuwa ta yi wa nisa takan yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaura a can, ta roƙi Allah. Saltanat ma, bayan shekaru tana kuka a ɗakin miji, ta zo da bazara ta ɗaura nata shuɗi.

Da ya ce sare ta zai yi, matarsa Burul har ƙafarsa ta kama tana roƙo. "Baban Saltanat, ka ji tsoron Allah. Da mai ita a ciki."

"Mai ita ta zo ta ba ni intanet mana."

Taurin kai dai Allah Ya zuba wa mutumin nan. Ya sare ta, ya faskara, ya cusa a murhu har da tsummokan, ya sha shayinsa a kan wutar.

To yau da ya duba waya, jan tabon ya dawo. Wuri ɗaya, siffa ɗaya, har da rassa. Alhali babu komai a wurin sai kututture.

Yana shan kwanar gida ya ji ƙanshin hayaƙin arca. A kwarin kaf babu mai ƙona ta yau. Karensa, wanda ko inuwa ba ya bari ta wuce, ya kwanta a ƙofar garke ya cusa kai cikin ƙafafu. Ba iska. Ƙarar takalminsa kawai yake ji a kan ƙanƙara, ƙuras, ƙuras.

Wata tsohuwa ce zaune a kan kututturen, ta ba shi baya. Ta miƙa hannuwanta kan farantin tana jin ɗumi.

"Salamu alaikum, Apa," ya ce, yadda suke kiran uwa ko dattijuwa. "Daga ina a sanyin nan?"

Ba ta amsa sallamar ba.

"Gidana ka ƙona ka ji ɗumi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni ma ɗumin nake ji."

Sai a sannan ya lura da yatsunta. Dogaye ne, busassu, kowanne ya rabu biyu a ƙarshe kamar reshe. A tsakaninsu akwai shuɗin tsumma, bakinsa a ƙone.

Ya gane shi. Shi ya sayo ɗankwalin.

"Amana aka ba ni," in ji ta. "Na riƙe mata, ban gaji ba. Yanzu zan mayar mata da abinta, in karɓo nawa."

"Tana Bishkek," ya ce, shi kansa bai san ya faɗa ba. "Da nisa."

Ta yi wata 'yar dariya, irin ƙarar icen da ke tsagewa a wuta.

"Ba kai ka buɗe hanya ba? Abin naka ba saukowa kawai yake yi ba. Yana hawa."

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

Saltanat ce, kiran bidiyo. Tana kwance a gadon asibiti, gumi ya jiƙe mata goshi.

"Ata, naƙuda ta fara. Ka kira min Apa." Ta ɗan yamutsa fuska. "Ata... me ke ƙonewa? Ƙanshin arca nake ji a ɗakin nan."

Tsohuwar ta tura hannunta cikin farantin. Ya shige kamar cikin ruwa. Wuyan hannu. Gwiwar hannu.

A cikin wayar, wasu busassun yatsu suka leƙo ta bayan matashin kai.

Suka sauko kan bargon.

Suka nufi cikinta.

"Ata, sanyi nake ji."

Gatarin yana nan jingine da bango, inda ya yar da shi tun ranar. Esenbek bai san lokacin da ya ɗauka ba. Ya yi bismillah da ƙarfi, ya sare igiyar farantin.

Wayar ta yi baƙi ƙirin.

Ƙarar da tsohuwar ta yi, sai da ƙanƙara ta zubo daga kan rufi. Ta zaro hannunta, rabinsa babu. Sannan ta juyo. Ba fuska, ɓawon itace ne kawai da sawun sara a tsakiya, yana tsiyayar ƙaro.

"Ka ce na tare maka sama." Numfashinta toka ne. "To ka tsaya a wurina."

Ya juya zai gudu, ƙafafu suka ƙi ɗaguwa, kamar sun nutse cikin ƙasa. Burul ce ta fito da fitila tana Ayatul Kursiyyu, ta kama shi ta kwala ta ja. Takalmansa can suka tsaya. Har yau suna nan, doki ma ya ja bai ciro su ba.

Saltanat ta haifi namiji lafiya lau, aka sa masa Ilyaz. Farantin kuwa an kai shi kan tudu, da doguwar igiyar da aka ce ya saya tun farko. Sai dai Esenbek ya rage magana. Ya zama sai ya fita ya tsaya kusa da kututturen tun safe, Burul na kira ba ya ji.

Da yaron ya fara tafiya aka kawo shi ganin gida. Ya faɗa jikin kakarsa, ya ja kunnen kare, ya yi wa baƙi dariya. Esenbek ya durƙusa ya buɗe masa hannu, idonsa cike da ƙwalla, don saboda yaron nan ya yi saran.

"Zo, ɗan raƙumina. Zo wurin Ata."

Ilyaz bai gan shi ba. Ya leƙa ta gefensa, yadda ake leƙawa ta bayan bishiya, ya wuce abinsa.

Da yamma yaron ya tsinci wani ƙyalle a tsakar gida. Ya tako har gaban kakansa, ya yi ɗage, ya ɗaura masa a wuyan hannu. Saltanat ta saki kofin shayi tana salati. Burul ta sa farce, ta sa haƙori, ta sa wuƙa, ƙullin bai kwance ba.

Da gari ya waye, wani tsumman ya ƙaru a kusa da na farko, kuma babu wanda ya ga mai ɗaurawa.