Mun Kwana

A ɗakin wankin ƙoda Sista ta fara ganinsa, durƙushe a gefen gado, ya kara waya a bakin mahaifiyarsa.

"Faɗi mana, Inna."

"Mun kwana," in ji tsohuwar, sannan ta harare shi. "Kullum sai ka sa ni magana da ƙarfe."

Sista ce ta buɗe wa masu wankin ƙoda guruf a waya. Kowace safiya majinyaci zai turo "Mun kwana". Wanda ya yi shiru sai ta kira gidansu. Inna ba ta da waya, shi ya sa aka saka lambar ɗanta, Tela.

Tela ya ɗago suka haɗa ido da Sista.

"Ni da ke duk da allura muke cin abinci," ya ce, "sai dai tawa ba ta sa mutum kuka."

Dariya ta kuɓuce mata. Tun daga ranar saƙonsa ya zama biyu, na guruf da nata ita kaɗai: "Mai allurata, ke fa, kin kwana?"

"Na kwana, Telana. Ka ba Inna maganinta kafin surutu."

Da maganar aurensu ta isa gida, Abbanta ya ƙi.

"Ɗan majinyaciyarki? A ce wurin aiki kike neman miji? Ga mai kemis nan yana ta zarya."

Ta faɗa wa Tela. Ya ce zai jira amsarta, ko wace iri ce.

Wata safiya saƙon Inna bai zo ba. Sista ta kira, kukan da ta jiyo ta cikin wayar ya ishe ta bayani.

Dokar asibiti ce a cire lambar mamaci daga guruf, don kada tunin ranar wanki ya riƙa fama wa iyalai ciwo. Ta danna ta cire lambar. Ta je ta'aziyya, Tela ya amsa gaisuwarta kansa a ƙasa. Daga nan saƙonsa ya ɗauke. Ta ɗauka laifin mutuwar yake ɗora mata, ta kasa kiransa. Ta rame, har masu jinya suka fara yi mata sannu.

Baba Direba, tsohon da ke gadon kusa da taga, shi ya fasa ƙwan a guruf: "Sista, Inna ce ta rasu, ba Tela ba. Ni fa na ga an rubuta kin cire shi."

Sai a lokacin ta gane. Abin da ya fito a wayarsa ke nan ranar da ya binne uwarsa, alhali yana jiran amsarta. Nan take ta mayar da shi, ta tura masa: "Lambar Inna na cire, ban tuna taka ba ce. Ka yafe mini."

"Na zaci amsar ke nan," ya rubuto. Sai ga saƙon murya, na ƙarshe da Inna ta ɗauka, bai samu turawa ba.

"Mun kwana, 'yata." Numfashi yana yi mata wuya. "In wata rana ban kwana ba, ki riƙa tambayar yaron nan ko ya kwana. Ba shi da mai tambayarsa."

Ta kai wa Abba wayar ta kunna masa saƙon. Ya saurara, ya sake saurara, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Ce masa ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure guruf ya cika da addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya jiƙan Inna. Muryar Baba Direba ce kawai babu. Da hannunta ta cire lambarsa kafin ranar.

Washegari ta ɗauki waya za ta duba majinyata, ta tarar da mijinta yana kallonta.

"Ka kwana?" ta ce, hawaye na zubo mata.

"Mun kwana."